Dawson: Garin da Zinare Ya Gina a Kan Daskararriyar Ƙasa

Ranar 16 ga Agusta 1896 Skookum Jim da George Carmack da Dawson Charlie suka ga zinare a rafin Rabbit, wanda aka sake wa suna Bonanza, a yankin Yukon na arewacin Kanada. Nan take wani ɗan kasuwa, Joseph Ladue, ya yanka filaye a mahaɗar kogin Klondike da Yukon, inda garin Dawson ya tashi. Wajen kamun kifin 'yan asalin wurin ne, Tr'ondëk Hwëch'in, kuma dole ta sa suka koma ƙauyen Moosehide. Wannan rashin adalci ne da bai kamata a manta ba.

Da labarin zinaren ya bazu, mutum kusan 100,000 suka kamo hanya, kimanin 30,000 suka isa. 'Yan sandan Kanada ba sa barin kowa ya wuce sai da guzurin shekara guda, kayan da nauyinsu ya kai kusan tan ɗaya, a yi ta jigilarsu a baya ta mashigin duwatsu na Chilkoot.

Ƙasar wurin a daskare take rani da damina. Mai haƙa zai hura wuta ta kwana a rami, da safe ya kwashe abin da ya narke, ya sake hurawa, ya tara tsakuwar sai ruwa ya gudana a wanke. Gidan da aka ɗora kai tsaye a ƙasa kuwa, ɗumin murhu kan narkar da ƙasan, ya karkace. Rashin magudana ya jawo taifot, gobarar 1899 kuma ta cinye tsakiyar gari.

A shekarar ce labarin zinaren Nome, a Alaska, ya kwashe jama'ar Dawson. Kamfanoni masu manyan injinan haƙa suka ci gaba har 1966. Hedikwatar Yukon ta tashi daga Dawson ta koma garin Whitehorse a 1953.