Na je Dantewada, garin tama da bindiga

Wani abokin karatuna a Visakhapatnam da ke Indiya, ɗan ƙabilar Gond daga jihar Chhattisgarh, shi ya matsa min lamba sai na bi shi garinsu Dantewada da hutu. Da na gaya wa 'yan uwa 'yan Najeriya sai suka ce kai lafiyarka kuwa? can ne fa dajin 'yan tawayen Naxal. Na ce to ai da ɗan gari kan ci gari, na ɗau jaka.

Da sassafe muka hau jirgin ƙasa, ya yi ta hawan duwatsun Araku yana kutsawa ta ƙarƙashin dutse yana fitowa, wurin akwai kyau ba ƙarya. Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ake ajiye mu a ƙananan tashoshi mu ba jirgin kaya hanya, taragu sun fi a ƙirga, kowanne maƙil da tama, duk sun nufi bakin teku. Tun shekarun 1960 aka shimfiɗa layin saboda kai tamar duwatsun Bailadila na yankin Dantewada zuwa Japan, fasinja dai cikon benci ne.

A Jagdalpur muka sauka muka shiga mota, daga nan kuma sai shinge bayan shinge. 'Yan sandan CRPF na gwamnatin tarayya suka juya fasfo ɗina gaba da baya, me ya kawo ɗan Afirka nan? Abokina ya yi ta bayani da Hindi kafin su sake mu. Ban ga laifinsu sosai ba, a yankin nan ne a watan Afrilu 2010 'yan tawayen Naxal ɗin, masu bin aƙidar gurguzu ta Mao, suka yi kwanton ɓauna suka kashe jami'an tsaro 76. Tawayen ya samo asali ne tun 1967 a ƙauyen Naxalbari, can Bengal ta Yamma, amma a nan dajin Bastar ya samu gindin zama, wurin mutanen da suka daɗe ma'aikatan gandun daji da 'yan kwangila suna tatsarsu.

Gidansu abokina ba a asalin ƙauyensu yake ba. A 2005 aka kafa Salwa Judum, wasu 'yan sa-kai da gwamnati ta ɗaure wa gindi, irin dai abin da muka gani a Zamfara, aka ƙona ƙauyuka aka koro dubban mutane zuwa sansanoni a bakin titi, wasu suka tsallaka jihar Andhra. Sai 2011 kotun ƙoli ta haramta su, amma mamarsa har yau ba ta koma ba. Ta ce min (shi ke fassara) idan mutanen daji, wato 'yan tawayen, suka zo da dare suka ce a dafa musu shinkafa ba ka isa ka ƙi ba, gari na wayewa 'yan sanda su ce kai ɗan tawaye ne, idan kuma aka gan ka kana gaisawa da ɗan sanda to kai ɗan leƙen asiri ne, hukuncinsa kuwa kowa ya sani. Tana maganar tana ɗaure ganyen tendu damma-damma, wanda ake naɗa taba bidi da shi, shi da furen bishiyar mahuwa su ne kuɗin shigarsu. Ta miƙo min dakakken jan tururuwa da barkono, na ce Mama a yi min afuwa, aka yi ta min dariya.

Washegari ya kai ni kogin Shankhini. Wallahi ruwan ja ne kamar an jiƙa jar ƙasa, wankin tama ne daga wurin haƙa a sama, kuma ga mata na wanki ga shanu na sha.

A takarda dai suna da gata, dokar haƙƙin daji ta 2006 ta ba taron ƙauye iko a kan dajinsu, kuma ta taɓa yin aiki, a 2013 ƙauyuka 12 na ƙabilar Dongria Kondh a jihar Odisha suka ce ba su yarda kamfanin Vedanta ya haƙi dutsen Niyamgiri ba, aka fasa. A nan Bailadila ma a 2019 dubban mutane sun yi zaman dirshan a Kirandul saboda za a haƙi tsaunin Nandraj da suke bauta a kai, suna cewa takardar amincewar ƙauyen ta bogi ce. Kawun abokina yana cikinsu, da bakansa da kibau.

Na so in hau in ga ramin haƙar da idona amma babu izini, direba kuma ya ce shi ba ya bin hanyar nan bayan magariba ko nawa za a ba shi, dole tun la'asar muka juyo Jagdalpur.