Talata: Ƙwai Biyu, Batir Ɗaya

Tun kafin in fita gida yau na buɗe amsoshin tambayoyin da na tura wa 'yan ajina jiya da yamma ta Google Forms. 'Yan tambayoyi ne a kan wutar lantarki, kuma na gaya musu babu maki a ciki, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ta uku ce ta tsaya min a rai. An jera ƙwan fitila biyu iri ɗaya a kan wayar wuta guda, ɗaya na bin ɗaya, an haɗa da batir, wanne zai fi haske? Fiye da rabin waɗanda suka amsa sun zaɓi na farko. A gurbin da na bari don a rubuta dalili kuwa, kusan bakinsu ɗaya: na farko zai sha wutar, sai ragowar ta isa ga na biyu.

Makon jiya na koyar da wannan batu. Na rubuta a allo cewa idan aka jera ƙwai a layi guda, kwararar wuta ɗaya ce a ko'ina, suka kwafa a littattafansu. Na ce, "Kun gane?" Suka amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam." Ba ƙarya suka yi min ba, a ganinsu sun gane ɗin. Jumlar tana cikin littafi, amma tunanin da suka zo da shi daga gida yana nan daram, bai motsa ba. Da a takarda na ba su wannan aiki, sai in tara littattafai in yi kwanaki ina dubawa, kafin in ankara mun shiga wani babi. Yau kuwa, a cikin 'yan mintoci fom ɗin ya tattara amsoshin, ya zana min rabon su, na ga inda matsalar take. Wannan shi ne abin da ya fi riƙe ni ga waɗannan manhajoji. Amsar da ba daidai ba ce nake nema a cikinsu, kuma ina son ganinta da wuri.

Sai na ajiye darasin da na shirya, na ce yau komawa baya za mu yi.

Da na isa makaranta na tarar intanet ba ya aiki. Ban damu sosai ba, domin abin da nake buƙata na riga na sauke shi a kwamfutata. Manhajar gwaji ce ta PhET, wadda Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka ke samarwa kyauta. Carl Wieman ne ya kafa shirin a 2002, shekara guda bayan ya samu kyautar Nobel a fannin fiziks. Kullum wannan yana burge ni, a ce mutum ya kai wannan matsayi a bincike, sannan ya juyo ya tsaya kan yadda yaro zai fahimci abin da ido ba ya gani. A cikin wadda na zaɓa akwai batir, wayoyin wuta, ƙwai, makunni da na'urar awon kwararar wuta, mutum ya jawo su ya haɗa yadda ya ga dama. In da'irar ta haɗu, sai ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo suna tafiya a cikin wayar, su ne ke wakiltar ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu a cikin waya ita ce kwararar wuta.

Ban kunna majigi nan take ba. Na fara zana tambayar a allo da alli, na ce kowa ya ɗaga hannu ga amsar da ya yarda da ita. Aji ya rabu. Sai na ce kowa ya nemi wanda suka saɓa a kusa da shi, ya yi ƙoƙarin jawo shi zuwa ra'ayinsa. Wannan dabara ba tawa ba ce, Eric Mazur na Jami'ar Harvard ne ya fito da ita a farkon shekarun 1990, bayan ya lura ɗalibansa na iya warware lissafi mai wuya amma suna tuntuɓe a tambayar fahimta mai sauƙi. Aji ya kaure da musu. Na riƙa zagayawa ina saurare ban ce uffan ba. Wani yaro yana buga tebur yana cewa, "To in ba ya shan wutar, da me yake yin hasken?" Abokinsa ya rasa amsa, amma ya ƙi sakin ra'ayinsa.

Sai da musun ya nuna sosai na haska manhajar a bango. Na saita ƙarfin turin batir a bolt 9, turjiyar ƙwai ga wuta a om 10, na haɗa guda ɗaya. Na'urar awo ta nuna kwararar wuta amfiya 0.9. Na ƙara ƙwai na biyu a jere, hasken ya ragu, kuma duka biyun suka yi daidai da juna. Na kira wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba kasafai take magana ba, na ce ta zo ta auna da kanta. Ta sa na'urar kafin ƙwai na farko: 0.45. Ta matsar da ita tsakanin ƙwan biyu: 0.45. Ta kai ta bayan na biyu, ta ɗan dakata kafin ta saki, sai ga 0.45. Ta juyo ta dube ni, ta sake duban bango, ta mayar da na'urar farko ta sake bi ɗaya bayan ɗaya, kamar tana zargin an yi mata wayo. Ɗigo-ɗigon nan kuma suna ta tafiya da sauri iri ɗaya, yawan da ya shiga ƙwai shi ke fitowa.

Tana tsaye a wurin ta ce, "Malam, to in wutar ba ta ƙarewa, me ya sa batir yake mutuwa?"

Wallahi wannan tambaya ta fi min komai daɗi a yau. Ita ce ainihin tambayar, kuma makon jiya ba wanda ya yi ta, domin ba wanda ya isa inda za a yi ta. Na ce su tuna sarƙar keke. Duk tsawon tafiya sarƙar ba ta raguwa ko da ƙwaya ɗaya, abin da ya tafi baya shi ke dawowa gaba, amma mai tuƙi yana gajiya. Abin da ke ƙarewa shi ne ƙarfin da ke tura ta. Haka ilektoron suke zagayawa ba sa raguwa, kuzarin da sinadaran cikin batir ke ba su ne yake zama haske da zafi a cikin ƙwai, har sinadaran su ƙare. Na ga kawuna suna gyaɗawa, irin gyaɗawar da ta bambanta da ta "Mun gane, Malam."

Wani ya roƙa a bar shi ya haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye ba ƙwai. Na bar shi. Batir ɗin cikin manhajar ya kama da wuta, aji ya ɗauki ihu. Nan muka yi maganar abin da ya sa ake sa fiyus a gidaje, da abin da ya sa ba a wasa da wannan haɗi a zahiri.

Amma akwai yaron da bai gamsu ba, kuma na ji daɗin da bai ɓoye ba. Ya ce, "Malam, ai kwamfuta ce, abin da aka tsara mata shi take nunawa." Gaskiya ya faɗa. Manhaja kwaikwayo ce, wanda ya rubuta ta ya riga ya sa mata dokar kwararar wuta da Georg Ohm ya wallafa tun 1827, ba za ta taɓa saɓa mata ba. Na aika aka ɗauko mana batura da ƙananan ƙwai biyu da wayoyi daga ɗakin gwaje-gwaje, saiti ɗaya tak da ke aiki. Yaron ya haɗa da hannunsa. Sai ga shi ƙwai na farko ya ɗan fi na biyu haske, kaɗan ƙwarai, amma ana gani. Ya yi murmushin wanda ya yi nasara. Na ce ya musanya musu wuri. Ya kwance, ya mayar da na farko baya, na baya gaba, sai hasken ya bi ƙwan ya koma baya tare da shi. Ashe ƙwan ne ba su zo daidai da juna ba daga masana'anta, wurin zama ba shi da hannu a ciki. Ya yi shiru, can ya ce, "Gani ya kori ji." Wannan darasi manhajar ba za ta iya ba shi ba, don ƙwanta duk tagwaye ne. Ita kuma ta nuna masa ilektoron da saitin gaske ba zai nuna ba. Dole sai da biyun.

Lokacin tara na shiga ɗakin malamai, na tarar da wata malama da ta girme ni nesa a aikin nan, har ta koyar da wasu daga cikin abokan aikinmu. Ta ji ihun ajina. Ta ce, "Malam, ina ganin ƙoƙarinka, amma ka sani duk ranar da ka ce yaro ya ɗauki waya don karatu, ka ba shi hujjar riƙe ta har tsakar dare." Na ce, "Haka ne, Malama, ban musa ba." Kuma har zuciyata ban musa ba. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a harkar ilimi ma kusan abin da ya ce ke nan: a shigo da na'ura aji ne kawai inda ta tabbata tana taimakon koyo, kada kuma ta maye gurbin hulɗar malami da ɗalibi. A lokacin, kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta riga ta taƙaita amfani da wayar hannu a makarantu. A ajina yau ba yaron da ya riƙe waya, kwamfuta ɗaya ce da bango ɗaya, kuma hakan ya isa.

Inda muka bambanta da ita shi ne, ita tana ganin a rufe ƙofar gaba ɗaya, ni kuma ina ganin a riƙa tambayar kowace manhaja me ta zo yi. Akwai waɗanda na daina amfani da su saboda wannan tambaya. Kahoot misali, wasan gasar amsa tambayoyi ne, yara suna sonsa ƙwarai, amma yadda aka saba buga shi mai saurin dannawa ne ke tara maki, yarinya irin ta layin baya da ke son ta auna sau biyu kafin ta yarda kullum a ƙasa za ta ƙare. Don bitar abin da aka riga aka iya yana da kyau. Don sabon tunani kuwa, ba na son agogo yana bin yaro a guje.

Abin da ya hana ni sakewa yau duk da daɗin darasin shi ne waɗanda ba su amsa fom ɗin ba. Suna da dama, kuma na san yawancinsu ba lalaci ba ne. Wani sai yayansa ya dawo da dare zai ari waya, wata kuma babu data a gidan. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu wa yara da matasa sama da biliyan 1.5, UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta a duniya, ba su samu karatun nesa ba sam. Da yawanmu a lokacin muka koyi Google Classroom da Zoom a gurguje, muka riƙa murna da waɗanda suka bayyana a allo, waɗanda ba su bayyana ba kuwa ba su da bakin yin ƙorafi. Zanen da na gani da safe ma haka yake, ra'ayin masu waya ne kaɗai. Idan na gina darasi a kansa kullum, zan wayi gari ina koyar da rabin aji.

Shi ya sa da yamma na zauna na buga katunan Plickers. Kowane yaro kati ɗaya na takarda, mai ɗauke da wani zane mai kusurwa huɗu, kowane gefe na wakiltar amsa guda daga A zuwa D. Yaro zai juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, ni kuma in zagaya ajin da kyamarar wayata, ta karanta duka. Waya ɗaya ce ake buƙata, tawa. Kuma tunda zanen kowa daban ne, ba mai iya leƙen amsar maƙwabcinsa ya canza tasa. Zan manna su a kan kwali don kada su yage da wuri, kuma lambar rajista zan sa a manhajar maimakon cikakken suna, ba na son zuba bayanan yaran mutane a inda ban san iyakarsa ba.

A cikin amsoshin jiya akwai guda da ta fito sumul, dogon bayani da kalmomin da ban taɓa ji a bakin mai ita ba. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsa, ya fito a ƙarshen 2022 nake cin karo da irin wannan. Ban kira shi a gaban aji ba. Bayan an tashi na tare shi a baranda na ce ya faɗa min da bakinsa abin da ya rubuta. Ya sunkuyar da kai. Na ce masa amsarsa ta gaskiya, ko da kuskure ce, ta fi min amfani, domin da ita zan san ta inda zan taimake shi. Ya ce, "To, Malam." Zan sa ido in ga ta gaba.

Na ɗora adireshin manhajar a Google Classroom don masu hali su yi wasa da ita a gida, na kuma roƙi a buɗe mana ɗakin kwamfuta gobe bayan tashi don sauran. Ranar Alhamis za mu shiga haɗin da kowane ƙwai ke da hanyarsa zuwa batir. Tambayar farko na riga na rubuta ta: in aka cire ƙwai ɗaya, na biyu zai mutu, zai ƙara haske, zai ragu, ko zai tsaya yadda yake? Ina tsammanin da yawa za su ce zai ƙara haske, tunda ya samu wutar shi kaɗai. Da katunan za mu fara, kowa da kowa, kafin in kunna majigi.