Abin da kibod ya koya min a shagon Samaru

Jiya na miƙa makullin shago, shekara huɗu da wata biyu kenan ina zaune gaban kwamfuta ɗaya a Samaru ina buga furojet ɗin ɗalibai da cike musu fom. Duk wanda ya taɓa aiki a irin shagunan nan na kusa da makaranta ya san yadda abin yake, ba sai na tsaya bayani ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, kuma shi nake so yaran da suka shigo bayana su ji.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo daga Tudun Wada cike fom ɗin neman tallafin karatu, ranar ce ta ƙarshe, sha biyun dare za a rufe. Ta rubuta faswod ɗin da take so a bayan rasit ta miƙo min, ta ce "Malam don Allah a kula, kuɗin motar ma aro na yi". Na sa sunanta, na sa imel, sai na danna Alt da Tab, masu kai mutum daga wani shafi da ke buɗe zuwa wani, zan duba hoton fasfo ɗinta, na wuce wurin, na sa yatsa kan Shift zan dawo baya, ashe a nan hannuna ya saki Alt da Shift tare ba tare da na taɓa Tab ba. A Windows wannan kaɗai ya isa ya canza yaren kibod, babu ƙara babu gargaɗi, haruffa uku ne ƙanana a ƙasa kusa da agogo suke sauyawa, ENG ya koma FRA, wa ke kallon wurin mutane shida na tsaye a kansa?

Na buga faswod sau biyu kamar yadda ake yi, ɗigo-ɗigo ne kawai ke fitowa, duka biyun sun yi daidai da juna tunda kuskure iri ɗaya ne, fotal, wato shafin cike fom ɗin, ya karɓa. Sai NEPA suka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta kwamfuta ta mutu, da ta tashi ta dawo kan Turanci yadda aka saita ta, shaidar abin da ya faru ta ɓace gaba ɗaya. Na sa faswod, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Muka nemi a turo sabo ta imel, ita kuma imel ɗin yana haɗe da layin wayar da aka sace mata, ba ta iya shiga. Har bayan isha'i muna abu ɗaya, ƙaninta na zaune kan benci yana gyangyaɗi, ita tana juya rasit ɗin nan a hannu har ya yi laushi.

Abin da Oga ya yi shi ne har yau ban iya haɗiyewa ba. Gaban kwastomomi ya ce "kai yaro faɗi gaskiya, canza faswod ɗin ka yi don ka karɓi kuɗi a bayan fage", ni da nake kwana a shagon lokacin difens, wato lokacin da ɗalibai ke kare furojet ɗinsu, ina gyara masa aiki, ni da ko canjin naira hamsin ban taɓa riƙewa ba. Ya yanke min rabin albashin watan. Kuma wallahi shi da hannunsa ya ƙara kibod ɗin Faransanci a kwamfutar saboda aikin wani ɗalibi ɗan Nijar, bai gaya wa kowa ba, bai cire ba da aka gama.

Kwana uku bayan haka wani yaro da muke koyarwa ya kira ni, wai Yaya kibod ya lalace, in ya danna a sai q ya fito. Ina duba ƙasa na ga FRA, gabana ya faɗi. Kibod ɗin Faransa ba jerin QWERTY ba ne, AZERTY ne, a da q sun yi musaya, z da w ma haka, m ya bar wurinsa ya koma gefen l, layin lambobi kuma sai ka riƙe Shift kafin lamba ta fito, in ba haka ba 2 sai ya ba ka é. Wato inda na danna Shift da 2 ina neman @, lamba 2 na rubuta mata. Na kira ta ta zo, na bar shi a FRA, na buga abin da ke kan rasit da yatsuna yadda na saba, nan take ya buɗe. An riga an rufe karɓar fom. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi "ba komai Malam, ba rabona ba ne", ni da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na nuna wa Oga abin ƙiri-ƙiri a sikirin, ya ce to ai kai ne ka danna. Kuɗina bai dawo ba, kalmar ɓarawo ma bai janye ba.

Daga ranar na zauna na koyi abin da kyau. A Windows hanya uku ce: Alt na hagu da Shift yana canza yare, Ctrl da Shift yana canza tsarin kibod a cikin yare ɗaya, sannan tun Windows 8 da ya fito a 2012 akwai maɓallin Windows da Space, wanda shi ne mai mutunci don yana fito maka da jerin yarukan a sikirin ka ga inda ka koma. Na biyun ma yana cin mutane sosai, mu masu taifin kullum hannunmu na kan Ctrl da Shift muna zaɓar kalmomi, kana sakinsu ba ka haɗa da wani maɓalli ba sai Turancin Amurka ya koma na Ingila, @ da alamar zance su yi musaya, # ya zama £. Ana iya kashe na farko da na biyu a cikin Advanced keyboard settings, wurin Input language hot keys, ka mayar da su Not Assigned. Na yi wa duka kwamfutocin shagon biyar haka ba wanda ya sa ni, kuma daga nan har na bar wurin ba a ƙara samun irin wannan ba. A ganina tun farko bai kamata a bar maɓallai biyu da yatsa ke hawa kullum su riƙa canza yare shiru ba.

Ba wai cire yarukan ne mafita ba, muna buƙatar Larabci saboda ɗaliban da ke kawo aiki da ayoyi da hadisai, muna buƙatar ɓ da ɗ da ƙ, don ni ba na yarda in buga wa ɗan sashen Hausa furojet babu ƙugiya, kafa daban ƙafa daban. Masu kawo laftof ɗinsu kuma, canza yare a tsarin Ubuntu maɓallin Super ne, wato mai alamar Windows, da Space, MacBook kuma Control da Space. Laftof tokumbo daga Jamus kuma y da z ne a juye a kibod ɗinsa.

Sauran ƙanana ne. Faswod ka fara buga shi a fili mai shi ya gani kafin ka kwafa, ko ka danna alamar idon nan mai nuna abin da ka buga. Ka tambayi mutum ko yana iya shiga imel ɗinsa kafin ka fara. Ka san me aka sa a kwamfutar da kake zaune a kai ko da maigida ne ya sa.

Wata mai zuwa zan buɗe nawa ɗan wurin a wajen Kongo in Allah ya yarda, kwamfuta biyu da firinta ɗaya. Yaron nan da ya ga q shi zai bi ni, kuma na faɗa wa baiwar Allahn nan in an sake buɗe fom ɗin ta zo, ni zan cike mata da safe.