Yadda muke tsara aiki a shagon buga takardu

Shagona yana kan titin da ya bi ta gaban tsohuwar Jami'ar Bayero, mu huɗu ne a ciki: ni, da yara biyu masu taifin da zane, da ƙanena mai kula da injin fotokwafi da ɗaurin littafi. Muna buga katin ɗaurin aure, da takardun makarantun Islamiyya, da furojet ɗin ɗalibai, da rasit na 'yan kasuwa, sai kalanda idan shekara ta zo ƙarshe. Duk wannan hidimar a kan fayil guda na Excel, manhajar lissafi mai layuka da gidaje, take tafiya, kuma dokar shagon ita ce aikin da bai shiga cikinsa ba, ba a karɓe shi ba, ko da ni ne na yi alkawarin a bakin masallaci.

Fayil ɗin ba shi da wani ado. Kowane aiki layi ɗaya ne: ranar da aka kawo, sunan mai shi da lambarsa, irin aikin, yawansa, kuɗin da aka yi ciniki, kafin alƙalamin da ya bayar, ragowar da ake bin sa, ranar karɓa, da sunan yaron da aikin ke hannunsa. Ragowar kuɗi ba ma lissafa ta da ka, kwamfuta ce ke cirewa da kanta. Na kuma sa wa gidan ranar karɓa ƙa'ida, idan saura kwana ɗaya ya zama ruwan ɗorawa, idan rana ta wuce ba a gama ba ya yi ja. Da safe kafin a kunna kowane inji sai in tace layukan, na yau da na gobe kawai su rage, in raba wa kowa nasa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata mai irin sana'armu ya sani. Yawancin kwamfutocin hannu da muke saya a Titin Beirut sun zo ne da tsarin Amurka, inda wata ke riga rana. Yaro zai rubuta 3/4 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfuta ta ɗauka 4 ga Maris ce. A harkar katin biki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka duk kwamfutar da ta shigo shagon, abu na farko shi ne a shiga saitin Windows a mayar da tsarin kwanan wata rana kafin wata, sannan a sa Excel ya riƙa nuna sunan watan da haruffa.

Rabin aikinmu yanzu ta WhatsApp yake zuwa. Hajiya za ta turo saƙon murya na minti huɗu, a ciki akwai gaisuwa, da sunan amarya, da ranar kamu, da canjin wurin walima, da kuma cewa kada a sa kalar da aka sa wa 'yar maƙwabciyarta. Yaro zai saurara ya rubuta, ya mayar mata a rubuce ya ce, "Hajiya, a duba mana sunaye da ranaku, idan sun yi daidai a ce mana mu buga." Sai ta amsa a rubuce injin zai motsa. Muna buɗe WhatsApp ɗin a kan kwamfuta ne domin hoto da rubutu su faɗa kai tsaye cikin jakar aikin.

Ita jakar ma da tsarinta. Kowace shekara da tata, a ciki kowane wata da tasa, sunan fayil kuma yana farawa da shekara, wata, rana, sannan sunan mai aiki. An hana rubuta "sabo" ko "na ƙarshe" a sunan fayil, domin bayan gyara uku babu wanda zai san wanne ne na ƙarshen. Lamba muke sawa, 1, 2, 3. Alhaji zai dawo bayan shekara biyu ya ce a ƙara buga masa rasit irin na wancan karon, kafin ya gama shan ruwa an fito masa da shi.

Wuta ita ke yanke mana yadda yini zai kasance. Taifin da zane ana yin su a laftof ko babu wuta, amma babbar firinta da injin lamineshin suna jan wuta sosai, man janareta kuma kowa ya san kuɗinsa. Saboda haka akwai gida a fayil ɗin da muke rubuta "a shirye" ga duk aikin da aka gama dubawa. Da an kawo wuta, ko mun tayar da janareta bayan azahar, sai a tace waɗannan a buga su a jere ba tsayawa. Ɗalibin da ya shigo a guje da filashi yana cewa malaminsa na jira, shi ma sai an fara duba filashin a wata tsohuwar kwamfuta da muka ware, don ƙwayar cutar kwamfutar nan mai ɓoye fayiloli ta filashi take yawo.

Abin da ya fi rage mana wahala shi ne haɗa Word da Excel wajen takardun shaida. Makaranta za ta kawo sunayen masu saukar Alƙur'ani, wani lokaci sama da ɗari. Da can sai a yi ta goge suna ana rubuta wani. Yanzu sunayen suna shiga Excel sau ɗaya, a tura wa shugaban makaranta ya duba, a tsara takarda guda a Word, ita kuma ta ɗebo sunayen ɗaya bayan ɗaya. Su ɓ da ɗ da ƙ sai an zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da su, in ba haka ba akwati ne zai fito a tsakiyar sunan yaro. A CorelDraw kuwa, manhajar da muke zane da ita, kafin a kai babban aiki wurin masu manyan injuna, muna mayar da rubutu ya zama zane, mu kuma adana shi a tsohon zubin manhajar, tunda ba kowa ke da sabon ba.

Kowace Alhamis da yamma nakan kwafe komai zuwa wani faifai na waje da nake tafiya da shi gida, fayil ɗin Excel kuma in ɗora shi a Google Drive, wanda gigabait 15 ɗinsa na kyauta ya ishe mu. Daga nan sai in tace masu ragowar kuɗi in fara kira. Shi ma fayil ɗin bara nakan buɗe shi idan Rajab ya kama, in ga yawan katin da muka buga a Sha'aban, lokacin da kowa ke son ya aurar kafin azumi, in san bandir nawa na takarda zan sayo daga Sabon Gari tun farashi bai motsa ba.