Kafin ka rubuta "ɓarna" a kan gyaran wani

Ƙannena masu shigowa aikin Wikipedia, akwai wani dare da har yau in na tuna shi sai in ji nauyi a ƙirjina, kuma da shi zan fara.

Lokacin na kwana biyu ina gyara a Wikipedia ta Hausa, har na fara ɗaukar kaina mai gadin gida. Kullum bayan isha'i sai in buɗe shafin sauye-sauyen baya-bayan nan in bi su ɗaya bayan ɗaya. A wannan daren na tarar wani sabon edita ya shiga maƙalar wani gari da ni na ƙirƙire ta, na kuma sha wahala kafin in samo mata manazarta. Ya sake rubuta sakin layi biyu. Haruffa masu ƙugiya duk sun zube, "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Manazarta uku da na saka sun yi ɓatan dabo. Ban tsaya karanta abin da ya ƙara ba. Na janye gyaran, a gurbin taƙaitaccen bayani, inda edita ke faɗin dalilin gyaransa, na rubuta kalma ɗaya tak: ɓarna.

Ba a yi minti ashirin ba sai ga rubutunsa ya dawo. Na janye, ya mayar, na janye, ya mayar. Kafin sha biyun dare mun yi haka sau biyar, bayanin da nake bari kuma sai ƙara zafi yake yi, har na rubuta cewa wanda bai iya Hausa ba ya bar mana shafinmu. Da gari ya waye na tarar admin, wato editan da aka ba ikon kulle shafi da toshe asusu, ya kulle maƙalar, ya toshe mu duka biyu na kwana guda.

Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da nake kare shafi, ni za a haɗa da maɓarnaci? Amma admin ɗin ya fi ni gaskiya. A Wikipedia ta Turanci akwai doka sananniya: kada ka janye gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. Kowane harshe yana da nasa tsarin, amma hikimar dokar tana aiki ko'ina, domin ba ta tambayar wa ke da gaskiya a rubutun. Abin da take hanawa shi ne mutum biyu su mayar da shafi igiyar ja-in-ja. An cire ɓarna bayyananniya daga wannan ƙidaya, kamar zagi ko share shafi gaba ɗaya ba dalili, kuma a nan na fake. Sai dai ɓarna a ma'anar Wikipedia tana buƙatar niyya, wato mutum ya zo da nufin lalatawa. Wanda ya yi kuskure yana ƙoƙarin gyara, ko da ya dagula maƙala, sunan bai hau kansa ba.

Sai bayan kusan wata guda na san wanda na yi faɗa da shi. Wata 'yar'uwa cikin masu horar da sababbin editoci ce ta kira ni, ta ce: "Malam, yaron nan ɗalibina ne, kuma ɗan garin ne." Da wata ƙaramar waya yake rubutu, madannanta ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Alamomin da ke kewaye da manazarta, da ya gan su a tsakiyar rubutu, ya ɗauka tarkace ne kwamfuta ta zuba, sai ya share don ya tsaftace shafin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: duk lokacin da ya adana ya dawo ya ga rubutunsa babu, ya zaci sabis ne ya ɗauke, sai ya sake liƙawa. Bai ma san akwai mutum a ɗaya ɓangaren ba. Ni ina can ina yaƙi, shi yana fama da netwok. Abin da ya ƙara kuwa sunayen unguwannin garinsu ne da ranar da kasuwarsu ke ci, wadda ni na rubuta ba daidai ba.

Ranar da aka nuna masa tarihin shafin don a koya masa, ya karanta abin da na rubuta a kansa. Daga ranar bai sake gyara ko harafi ɗaya ba. Magana zarar bunu ce, a Wikipedia kuma ta fi haka, domin taƙaitaccen bayanin da ka bari ba ka da ikon gyara shi ko goge shi. Yana nan a tarihin shafi, kowa na iya gani.

Da na yi abin da nake yi yanzu, minti biyar ta ishe ni. Kafin in taɓa gyaran wani, nakan buɗe bambancin tsohon rubutu da sabo in karanta shi har ƙarshe, sannan in duba jerin gudummawarsa. Asusun jiya ne ko na shekaru? Wasu gyare-gyarensa suna da amfani? Idan akwai abin kirki a ciki, sai in bar shi, in mayar da manazarta da ƙugiyoyi da hannuna. Maɓallin janyewa yana da sauƙin dannawa, amma yana kwashe tsaba da ƙaiƙayi tare. Daga nan sai in je shafin tattaunawarsa, inda ake bar wa edita saƙo, in yi sallama, in gode masa a kan abin da ya ƙara, in nuna masa takamaiman layin da ya samu matsala da yadda ake gyara shi, in sa hannu. Ina guje wa liƙa wa sabon mutum saƙon gargaɗi da aka riga aka tsara, domin kamar takardar sammaci yake zuwa masa. Kuma in bai amsa ba, ba na saurin cewa girman kai ne. Masu gyara ta waya da yawa ba su san suna da shafin tattaunawa ba balle su duba shi.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne, kuma ina ganin shi ya fi kama mu Hausawa.

Gab da zaɓen 2023 na lura wani edita da ya girme ni, wanda har wasu abubuwan shi ya koya mini, yana cika maƙalar wani ɗan siyasa da kirari, yana cire duk bayanin da bai yi wa mutumin daɗi ba ko da yana da madogara mai ƙarfi. Duk wanda ya yi magana, sai wasu sababbin asusu biyu su bayyana su mara masa baya. Lokacin shigowarsu ɗaya, kuskuren rubutunsu ɗaya, har yadda suke raba kalma iri ɗaya ne. Na gani sarai, na kau da kai. Ina jin nauyinsa, ina cewa ai babba ne, ba ni zan tona shi ba. Na yi wa baƙon yaro tsawa a dare ɗaya, na yi wa na gida kara na tsawon watanni. Kunyar mara kunya asara ce, kuma masu karatu ne suka yi asarar, su da suke buɗe shafin suna ɗauka gaskiya suke karantawa.

Da abin ya ishe mu, maimakon mu kai shi inda ya dace sai muka zuba shi a zaurenmu na WhatsApp. Nan aka rabu gida biyu, aka yi ta habaici da saƙon murya, wasu suka fice. A kan Wikipedia kuwa ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Da na je wurin admin ɗauke da hotunan hirar, ya ce in ajiye su. Hujjar da ake karɓa ita ce wadda kowa zai iya dannawa ya gani a tarihin shafi. Ya kuma ja kunnena cewa hotunan suna ɗauke da sunaye na ainihi da lambobin waya, kuma fallasa wanene ke bayan asusu laifi ne babba da kan jawo toshewa nan take, ko da wanda ka fallasa shi ne mai laifin. Ƙa'idar ɗa'a ta bai-ɗaya da Gidauniyar Wikimedia ta amince da ita a ƙarshen 2020 ta lissafa wannan cikin cin zarafi, kuma ta hau kan kowane harshe, har da namu.

Sai na yi wa editan magana a shafinsa, da bai daina ba na zauna na rubuta ƙorafin yadda ya kamata. Bai wuce layi goma ba: mahaɗa huɗu zuwa gyare-gyaren da ake magana a kai, kwanan watan kowanne, ƙa'idar da aka saɓa, da mahaɗa zuwa inda na yi masa magana a shafinsa bai daina ba. Ban kira shi ɗan koren kowa ba, ban faɗi abin da nake zato game da aljihunsa ba. Na kuma sanar da shi cewa na kai maganar, don ya zo ya kare kansa. Ku sani, duk wanda ya kai ƙara, shi ma za a buɗe nasa tarihin, kuma an buɗe nawa an ga daren nan.

Jinkirina ya yi tsada ta wata fuskar da ban sani ba. Tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ke juya asusu da yawa aikin wasu ƙalilan ne masu izini na musamman, Wikipedia ta harshen da ba ta da nata kuma takan miƙa buƙata ga waɗanda ake kira stiwad a Meta, shafin da ke haɗa ayyukan Wikimedia. Bayanan da suke dubawa kwana 90 kawai ake ajiye su. Ɗaya daga cikin asusun ya daɗe da yin shiru, don haka babu abin da ya rage a duba a kansa. Ɗayan aka tabbatar, aka toshe. Editan kuma aka dakatar da shi na wani lokaci, aka maido da bayanan da ya cire.

Ban yi murna ba, kuma ba na son ku yi in ta faɗo muku. Toshewa don kare shafi ake yin ta, ba don huce haushi ba, shi ya sa admin da ke cikin rigima ba ya yanke hukunci a kanta, sai ya kira wani. Ko a Wikipedia ta Turanci, inda aka kafa kwamitin sasanta rikici tun 2003, kwamitin halayyar editoci yake dubawa, ba ya cewa ga wanda rubutunsa ya fi daidai. Wannan ana barin sa ga manazarta da tattaunawa. Da wa'adin mutumin ya ƙare ya dawo, ni na fara yi masa sallama a shafinsa. Ya amsa a taƙaice, kuma yanzu maƙalolin noma yake rubutawa, masu kyau.

Maƙalar garin nan kuwa na koma na gyara ranar kasuwar kamar yadda yaron ya rubuta, bayan na samo madogarar da ta tabbatar da ita, na maido da sunayen unguwannin da ƙugiyoyinsu. A taƙaitaccen bayani na rubuta cewa shi ya kawo su. Na bar masa saƙon neman afuwa a shafin tattaunawarsa, na kuma roƙi malamarsa ta isar masa da baki. Shafin nasa yana cikin jerin waɗanda nake sa wa ido, kuma har daren jiya da na duba, saƙona ne na ƙarshe a ciki.