Sabunta Fentin Yaron Bakin Hanya

Sana'armu a wannan ɗan kamfani ita ce fentin allunan talla, amma aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma wanda na fi ƙauna, shi ne sabunta mutum-mutumin da gidajen abinci suke kafawa a bakin hanya domin jawo hankalin matafiya, ko kuma zana shi a kan allo ga wanda ya san shi tun yana yaro. A Amurka wannan al'ada ta fi ƙarfi. Wanda aka fi kawo mana hotonsa shi ne Big Boy, yaron nan mai kumatu da gashi a tashe ta gaba, sanye da wando mai maratayi ja da fari, yana ɗaga hambaga sama da hannu ɗaya. Bob Wian ne ya buɗe gidan abincin da ya haifar da shi a Glendale ta jihar Kalifoniya a 1936. Bayansa sai ƙattan mutum-mutumi masu tsayin kusan mita 6 da kamfanin International Fiberglass ya riƙa ƙerawa a shekarun 1960, waɗanda na farkonsu ya tsaya a gaban wani gidan abinci a Flagstaff ta jihar Arizona, a kan hanyar Route 66.

Galibinsu da faiba aka yi su, wato haɗin danƙo da zaren gilashi, kuma ba a ɗora sabon fenti a kan faiba mai tsagewa. Sai an wanke jikin, an bi shi da samfefa, an cike kowace tsaga da danƙo da zaren gilashi, sannan a shafa fentin share fage. A nan muke taka-tsantsan, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda sai a 1978 Amurka ta hana amfani da ita a fentin gidaje, saboda haka babu ma'aikacin da yake gugar tsohon jiki ba tare da takunkumin fuska ba, kuma da ruwa muke gugar don kada ƙura ta tashi.

Wahalar gaske tana wajen launi. Rana tana cin ja fiye da yawancin launuka, har ya koma kamar ruwan hoda, fari kuma yakan koma ruwan madara. Mutumin da ya riƙa hango wannan yaro ta tagar mota a ƙuruciyarsa sau da yawa launin da ya koɗe ya sani, ba na ranar da aka kafa shi ba. Tsofaffin hotuna ma ba abin dogaro ba ne, tunda su kansu sun sauya launi a cikin akwati. Abin da muke yi shi ne mu nemi wurin da rana ba ta taɓa kaiwa ba, kamar ƙarƙashin hammata ko bayan kunne, mu kankare a hankali har mu isa fenti na farko, mu haɗa namu daidai da shi. Idan za a mayar da mutum-mutumin bakin hanya, launin asali nake zaɓa, domin rana za ta sake yin aikinta. Idan kuwa zane ne na ratayewa a ɗaki, ina ganin hakkin mai shi ne a ba shi launin da ya rage a zuciyarsa, ko da ya saɓa wa na masana'anta, domin abin da ya zo nema ke nan.

Wandon Big Boy ma yana gwada haƙurin mai fenti, saboda murabba'an ja da fari dole su lanƙwashe tare da tumbin, su ƙanƙance ta gefe. Da fensir muke fara fitar da su, mu liƙa salatif, kafin burushi ya taɓa jiki. Ya kamata a sani kuma cewa irin wannan hoto tambari ne mai rajista, don haka ba ma buga shi da yawa domin sayarwa sai da izinin masu shi.

Fuska ita ce ta ƙarshe, kuma ba na barin a yi mata feshi, da burushi ake yin ta. Kaucewa kaɗan a ƙwayar ido ko a gefen baki tana mayar da fara'a ta zama abin tsoro, kuma wanda ya girma da wannan fuska yakan gane hakan nan take, ko da bai iya faɗin abin da ya sauya ba. Shi ya sa mai zana ido yake saukowa daga tsani akai-akai, ya ja da baya gwargwadon nisan da ke tsakanin titi da ƙofar gidan abinci, ya duba daga can, domin an ƙera fuskar ne don mai wucewa a mota, kuma girar da ta yi kauri a kusa takan zama daidai daga nesa.