Gidan Agnes Toward a Glasgow: Yadda Ake Kallon Gidan da Aka Bar Shi Yadda Yake

A lamba 145, titin Buccleuch, unguwar Garnethill ta birnin Glasgow a Sikotilan, akwai wani bene na jan dutse da aka gina a 1892. Ɗaya daga cikin gidajen da ke cikinsa shi ne The Tenement House, gidan tarihi da hukumar adana wuraren tarihi ta National Trust for Scotland ke kula da shi. Agnes Toward ta tare a nan da mahaifiyarta, wadda tela ce, a 1911, ta zauna har 1965. Aikinta buga tafireta a wani kamfanin jiragen ruwa, kuma ba ta cika zubar da kaya ba: wasiƙu, rasitai, kwalabe, duk ta adana. Hukumar ta sayi gidan a 1982.

Ɗakuna huɗu ne kacal bayan zauren shiga: falo, ɗakin kwana, kicin da banɗaki. Mai gaggawa zai gama cikin minti goma ya ce bai ga komai ba. Abin da na gane shi ne, kayan ƙawa ba su ne labarin gidan ba. Shiga da tambayoyi huɗu: daga ina haske, daga ina ɗumi, daga ina ruwan zafi, wa ke kwana a ina.

Fara da haske. An sa wutar lantarki a gidan a 1960, amma hukumar ta maido da fitilun gas. Haskensu rawaya ne, bai kai kusurwoyi ba, kuma idan ɗakin ya yi tsit za ka ji hucin gas ɗin. Wanda ya shigo daga hasken waje ya dakata a zaure minti biyu ko uku ido ya saba, in ba haka ba falon zai zame masa duhu kawai.

Kicin ne ya cancanci rabin lokacinka. Baƙin murhun ƙarfe mai amfani da kwal shi ne girki, shi ne ɗumin ɗaki, shi ne tafasa ruwa. Dubi akwatin kwal da ke cikin kicin ɗin, sannan ka tuna cewa a bayan mutum ake hawo da buhunan ta matakala. Kullum sai an kwashe toka, a hura wuta, a goge ƙarfen da baƙin mai don kada ya yi tsatsa. Ɗaga kai sama: akwai katakon shanya da ake saukewa da igiya, a rataya wanki, a ja shi can kusa da rufi inda zafi ke taruwa, domin ruwan saman Glasgow ba ya barin shanyar waje ta yi tasiri. Sai gadon da ke cikin lungun bango. An yi shi da tudu, ƙarƙashinsa ma'ajiya ce, kuma yana nan ne saboda kicin ya fi ko'ina ɗumi da dare. A kan katakon jera kaya akwai kwalbar jam, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari, da aka dafa tun 1929. Kowa na son ganinta, amma a ganina murhun ya fi ta bayani.

Falon kuwa na baƙi ne: fiyano, kujeru, tebur da aka shirya don shan shayi. A nan ma akwai gado a ɓoye bayan wata ƙofa da za ka ɗauka ta kabad ce. Ɗakin kwanan mai kyau an riƙa ba ɗan haya don a samu abin cika kuɗin gida. Wannan shi ne rufin asirin masu matsakaicin hali: fiyano a falo, masu gida kuma a lungun bango.

Kuskuren da masu ziyara suka fi yi shi ne ɗaukar gidan a matsayin na talakawa saboda ƙanƙantarsa. Banɗakin ya ƙaryata haka. A shekarun da aka gina shi, iyalai da yawa a Glasgow ɗaki ɗaya ko biyu suke da shi, makewayi kuma na tarayya ne a kan matakala. Samun baho da makewayi a cikin gida babban gata ne.

Abubuwan lura kafin tafiya: ranakun buɗewa suna canjawa da yanayin shekara, don haka a duba shafin hukumar tukuna. Ana biyan kuɗin shiga. Garnethill tudu ne mai tsayi, kuma gidan yana hawa na ɗaya, sai an taka matakala. Idan mutane suka wuce shida a kicin, ba ka ganin ƙasan murhu balle ma'ajiyar gado, gara ka koma falo ka jira su fita. Kada a taɓa kaya, yawancinsu na ainihi ne. Ma'aikatan da ke tsaye a ɗakunan sun san gidan ciki da bai, amma tambaya takamaimiya ce ke buɗe bakinsu: tambayi yadda ake kunna fitilar gas, ko yadda ake wanki ranar da layin amfani da ɗakin wanki na tarayya ya zo kan iyali. Takardun Agnes da bayanin rayuwar benayen Glasgow suna ɗakin nuni a ƙasa. Na fi ganin amfaninsu bayan an sauko daga gidan.